Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Tarihin Yadda Kamfanonin Intanet Ke Zaɓen Abokan Musaya



Mu da muke zaune a Hanwa ba sai an ba mu labarin mahaɗar hanya ba. Taku kaɗan za ka yi ka isa Kwangila, ga hanyar Kano, ga ta Kaduna, ga wadda ta nufi Samaru ta zarce Funtuwa har Sakkwato. Dare da rana motoci na sauke fasinja, 'yan kamasho na kira. Sau da yawa direban da ya ɗauko mutum daga Gusau zai tafi Kano, a nan zai tsaya ya haɗa shi da wata mota, su direbobin su sasanta kuɗin a tsakaninsu. Fasinja dai ya san ya biya sau ɗaya, bai san yadda aka raba ba.

Babin labarin da muka gama rubutawa da tsakar dare muka ɗora a Facebook, ko muka tura wa edita ta Gmail, shi ma fasinja ne. Daga wayarmu zai hau ƙarfen sabis na unguwa, ya bi waya zuwa cibiyar kamfanin da muka sayi datarsa. To amma kamfanin layinmu ba shi ne mai Facebook ba, ba kuma shi ne mai Gmail ba, don haka dole akwai inda zai miƙa saƙon ga wani kamfanin. Inda za a yi wannan miƙawa, da wanda zai biya wani, shawara ce da kamfanoni ke yankewa a ofisoshinsu. Daga cikinta ne ake samun wani ɓangare na tsadar datarmu, da saurin sabis ko nawarsa, da kuma ko za mu iya buɗe rubutunmu ranar da waya ta tsinke a teku. Tarihin wannan shawara muke son bi yau.

DAKO DA MUSAYA

Intanet tarin hanyoyin sadarwa ne masu zaman kansu, sama da 70,000 a duniya, kowace da mai ita da lambar rajistarta. Akwai na kamfanonin waya, na bankuna, na jami'o'i, da na manyan masu kaya irin su Google da Meta. A Afirka hukumar AFRINIC ce ke ba da waɗannan lambobi tun 2005.

Hulɗa iri biyu ce ke haɗa su. Ta farko ita ce dako: ƙaramin kamfani ya biya babba duk wata, shi kuma babban ya ɗauki nauyin kai masa kaya ko'ina a duniya, ya kuma kawo masa. Ta biyu ita ce musaya, wadda masu sana'ar ke kira piyarin: kamfanoni biyu su jona waya a tsakaninsu, kowa ya karɓi kayan da aka nufo masu hulɗa da shi, galibi ba tare da kowa ya biya kowa ba. Iyakar musaya ke nan. Abokin musayarka zai kai maka saƙo gidansa da gidajen kwastomominsa, amma ba zai wuce da shi sauran duniya ba, don wannan aikin ɗan dako ne, kuma da kuɗi ake yin sa.

Ƙa'idar da na'urori ke bi su sanar da juna hanya sunanta BGP. Injiniyoyi biyu, Yakov Rekhter na IBM da Kirk Lougheed na Cisco, su suka fara zana ta a 1989 a kan takardun goge baki, suna zaune wurin cin abinci lokacin wani taro. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne, kowace hanya na shela cewa ta wajenta ana isa wuri kaza da wuri kaza. Sai dai ƙa'idar ba ta ce wa kowa ga wanda zai yi wa shelar ba. Ta bar wannan a hannun mai hanya, kuma a nan ne manufar musaya ta kowane kamfani ta samo asali.

KAFIN A SAN KWAMFUTA

Matsalar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19, fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, wasu ayarin ta ƙasar Zazzau, suna ratsa ƙasashen da ba nasu ba. A bakin Kwara a biya kuɗin fito, a garin sarki a kai gaisuwa, kuma babban aikin madugu shi ne ya san nawa za a ba wa, da hanyar da za a kauce wa idan mai ita ya tsawwala. Wannan shi ne dako, ka biya don a bar ka ka wuce. Amma tsakanin fatake da masu masaukinsu a zango, amana ce ke aiki. Masanin nan Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma a littafinsa na 1969 ya bayyana yadda ake ba mahauta shanu bashi ba takarda ba sa hannu, sai dai maganar mai gida da dillali. Wanda ya ci amana, kasuwar ce gaba ɗaya za ta juya masa baya.

Gidan waya ma ya sha wannan lissafi. Kafin 1874, wasiƙar da za ta ratsa ƙasashe uku sai an yi mata lissafi kashi-kashi. A wannan shekarar ƙasashe 22 suka haɗu a birnin Bern na Suwizalan suka amince cewa ƙasar da aka sayi kan sarki a cikinta ta riƙe kuɗin, ƙasar da wasiƙar ta je kuma ta kai ta gida kyauta. Hujjarsu ita ce kowace wasiƙa tana jawo amsa, don haka kaya zai yi daidai. An zauna a haka kusan shekara 100, har aka ga wasu ƙasashe na tura jaridu da mujallu buhu-buhu, wasu kuwa aikinsu rabawa kawai. A taron Tokyo na 1969 aka shigo da biyan kuɗi ga ƙasar da ta karɓi fiye da abin da ta tura. Mu riƙe wannan labari, don gardamar da kamfanonin intanet ke yi har yau ita ce dai wannan: musaya kyauta tana daɗi muddin kowa na ganin gishirinsa ya yi daidai da mandar da aka ba shi.

YADDA ƘOFA TA FARA RUFUWA

A Amurka, babbar hanyar intanet ta shekarun 1980, wato NSFNET, gwamnati ce ke biyan kuɗinta, kuma an keɓe ta ga bincike da ilimi, ban da kasuwanci. Sai kamfanoni uku, PSINet da UUNET da CERFnet, suka kafa tasu mahaɗar a 1991 mai suna CIX, da sharaɗin kowane mamba ya karɓi kayan kowa kyauta. Turai ta bi sahu, Landan ta buɗe LINX a 1994, Frankfurt ta buɗe DE-CIX a 1995. A watan Afrilun 1995 aka rufe NSFNET, hanya ta koma hannun 'yan kasuwa ɗungurungum.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. A 1997 UUNET, wanda ya riga ya zama giwa, ya sanar cewa ya daina musaya kyauta da ƙananan kamfanoni. Wanda hanyarsa ba ta kai tasa faɗi ba, ya zo ya sayi dako. Ƙananan suka yi kuka, amma sauran manya suka bi sawunsa, kuma daga nan ne aka samu 'yan tsirarun kamfanoni da ba sa biyan kowa dako, suna musaya a tsakaninsu, kowa kuma na biyansu.

Su ma manyan ba su bar faɗa ba. A watan Oktoban 2005 kamfanin Level 3 ya cire wayarsa daga Cogent, yana cewa Cogent na turo masa kaya fiye da abin da yake karɓa. Na 'yan kwanaki, kwastomomin da suka dogara da ɗayansu kaɗai suka kasa isa ga na ɗayan, kamar an datse gada. Abin dariyar shi ne, a 2010 Level 3 ya samu kwangilar ɗaukar finafinan Netflix, sai Comcast ya ce masa kayan da kake turo min sun fi waɗanda nake tura maka, biya. Level 3 ya fito yana ƙorafin irin abin da shi ya yi wa Cogent shekara 5 baya. A ƙarshe, a 2014, Netflix da kansa ya amince ya biya Comcast don a jona su kai tsaye. Wannan ya nuna mana cewa manufar musaya ba aƙida ba ce. Kowa na kare matsayin da ya samu kansa a kasuwa a wannan lokacin.

ABIN DA SUKE DUBAWA

Yau kamfanoni sun kasu kusan gida uku. Akwai masu buɗaɗɗiyar ƙofa, duk wanda ya same su a mahaɗa za su jona da shi. Yawancin ƙananan kamfanoni da jami'o'i da masu kaya irin na bidiyo a nan suke, don burinsu kayansu ya isa da sauri da araha. Akwai masu zaɓe, waɗanda ke gindaya sharuɗɗa. Akwai kuma masu rufaffiyar ƙofa, galibi manyan 'yan dako, da ba sa ƙara sabon aboki sai da ƙyar. Da yawansu na rubuta matsayinsu a wani kundi na intanet mai suna PeeringDB, inda kowa zai duba ya ga a wace mahaɗa ake samun wane, da irin ƙofarsa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne lissafi. Mu ɗauka, a misali kawai, wani ƙaramin kamfani a Zariya na biyan naira miliyan 10 duk wata kuɗin dako, kuma kashi 40 cikin 100 na kayansa na zuwa ne ga waɗanda zai iya samu a mahaɗa ɗaya. Idan ya je can, ya tsira da miliyan 4. Amma zuwan ba kyauta ba ne, sai ya yi hayar waya har mahaɗar, ya biya kuɗin mazauni, ya sayi na'ura, ya ajiye injiniya. Idan duk wannan ya tsaya a miliyan 2, musaya ta biya. Idan mahaɗar na da nisa har kuɗin ya kai miliyan 5, gara ya ci gaba da biyan dako. Shi ya sa nisan gari da mahaɗa ke yanke hukunci tun kafin a zauna teburin ciniki.

Na biyu, yawan kaya. Babban kamfani ba zai ɓata mazauni da lokacin injiniyansa kan wanda kayansa bai taka kara ya karya ba, don haka yakan sa mafi ƙarancin abin da za a riƙa musaya.

Na uku, daidaiton shiga da fita. Wasu manya kan ce kada abin da kake turowa ya ninka abin da kake karɓa fiye da sau biyu. Dalilin yana cikin wata al'ada ta sana'ar: kowane kamfani na ƙoƙarin miƙa kayan da ba nasa ba a mahaɗa mafi kusa, kamar mai riƙe da garwashi a tafin hannu. Sakamakon haka, mai karɓa ne ke ɗaukar doguwar tafiya. Saƙon da muke turawa na neman bidiyo ɗan mitsitsi ne, bidiyon da ke dawowa kuwa dutse ne, don haka kamfanin masu kallo kullum shi ke da nauyi a ka. Masu bidiyon kan amsa da cewa, ai kwastomanka ne ya nema, kuma ya riga ya biya ka kuɗin data. Gardamar gidan waya ce ta 1969 ta dawo da sabuwar riga.

Na huɗu, wanda ba a cika faɗa a fili ba: babu mai ba da kyauta abin da zai iya sayarwa. Idan babban kamfani na ganin gobe za ka iya zama kwastomansa, ko kuma kai kwastoman kwastomansa ne, zai ƙi musaya da kai ko da ka cika sauran sharuɗɗan.

Na biyar, natsuwar aiki. Ana so ka kasance da ɗakin kula da hanya mai aiki dare da rana, wanda in an kira ƙarfe 3 na dare za a ɗauka. Ana so ka riƙa tace shelarka, kada ka yi shelar hanyar da ba taka ba. Manyan kan ƙara da cewa sai an haɗu a garuruwa biyu ko uku, don in ɗaya ta lalace ɗaya ta ɗauka.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, ga abin mamaki. A 2011 cibiyar Packet Clearing House ta bincika yarjejeniyoyin musaya sama da 142,000, ta samu kashi 99.5 cikin 100 ba a rubuta su a takarda ba. Injiniya ne ya haɗu da injiniya a taro, ko suka yi musayar imel, suka yi musafaha, shi ke nan. Kowa ya san ƙa'ida, wanda ya karya a cire masa waya. Da dillalan shanu na Sabon Ibadan za su ga wannan tsari, da ba su tambayi kowa fassara ba.

YADDA ABIN YA ISO GIDA

Waɗanda suka yi zamanin kafe a cikinmu, a farkon shekarun 2000, sun tuna faifan tauraron ɗan Adam da ke kafe a bayan shago ko kan rufi, da sayen awa ɗaya a ƙare rabinta ana jiran shafi ya buɗe. Kowane kafe dako yake saye daga wani kamfani a Turai ko Amurka ko Isra'ila. Saƙon da ya tashi daga Samaru zuwa Tudun Wada sai ya hau sama kusan kilomita 36,000, ya sauka wata nahiya, ya sake hawa, kafin ya sauko unguwar da ɗan acaɓa zai kai ka cikin minti 20. Kuɗin zuwa da na dawowa duk da dala ake biya. Wayar teku ta SAT-3 ta iso Legas a farkon waɗannan shekaru, amma tana hannun NITEL shi kaɗai, kuma mai rijiya ɗaya a gari shi ke yanka farashin guga.

A ɓangaren kiran waya mun ga irin wannan da idonmu. Bayan MTN da Econet sun fara aiki a 2001, Glo kuma a 2003, kiran wani layi daga wani layi ya zama jan aiki, har mutum ya riƙa yawo da waya biyu ko uku. Bambancin shi ne, a kira doka ta shiga tsakani. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kamfanoni jona juna, hukumar NCC kuma ita ke yanka kuɗin da wani zai biya wani. Ko a watan Janairun 2024 sai da NCC ta sanar da amincewa MTN ya toshe kiran da ke fitowa daga Glo saboda bashin wannan kuɗi, kafin a ɗage a sasanta. Musayar intanet kuwa, a yawancin ƙasashe, an bar ta ga ganin damar masu hanya.

Kenya ta nuna irin turjiyar da ake fuskanta. Ƙananan kamfanoninta sun buɗe mahaɗa a Nairobi a watan Nuwamban 2000, amma cikin makonni biyu hukuma ta rufe ta bayan ƙorafin Telkom Kenya, wanda shi kaɗai ke da ikon fitar da kaya waje, kuma kowane saƙon da aka yi musayarsa a gida ragi ne a cinikinsa. Sai a watan Fabrairun 2002 aka sake buɗewa.

A Najeriya, bayan wani yunƙuri na farko a Ibadan, an kafa mahaɗar IXPN a Legas tsakanin 2006 da 2007 da tallafin NCC, a matsayin cibiyar da ba ta neman riba, kuma Muhammed Rudman ne ya daɗe yana jagorantarta. Farkon tafiyar da nawa aka yi, don mahaɗa ba ta da amfani sai da kaya, kaya kuma ba ya zuwa sai ya ga jama'a. Abubuwa biyu suka juya lamarin. Wayoyin teku na MainOne da Glo-1 sun iso a 2010, WACS ta biyo a 2012, farashin dako ya karye. Sannan manyan masu kaya, Google a gaba, suka fara ajiye rumbunan kwafi a Legas, ta yadda bidiyon da mutum ɗaya ya jawo daga waje, sauran dubu za su ɗauka daga gida. Da zarar kayan da kowa ke so ya sauka a mahaɗa, kamfanin da ke jan ƙafa shi ke asara.

Binciken da ƙungiyar Internet Society ta ɗauki nauyi ya nuna girman canjin. A 2012 kayan da ke ratsa IXPN a lokacin cunkoso megabit 300 ne a daƙiƙa, ana kuma tsimin kusan dala miliyan 1 a shekara. Zuwa 2020 ya kai gigabit 125, tsimin ya kai dala miliyan 40, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kayan da ake nema ana samunsa a cikin gida, maimakon kusan kashi 30 a da.

Amanar da tsarin ya ginu a kai ma an gwada ta a gabanmu. Ranar 12 ga Nuwamban 2018, kuskuren saiti a MainOne ya sa hanyoyin Google da ya koya ta wurin musaya a Legas suka fita zuwa China Telecom, daga can suka bazu. Na tsawon minti 74, kayan mutane da dama a duniya da suka nufi Google suka bi ta Rasha da Sin suka maƙale. Kamfanin ya fito ya amsa kuskurensa ya gyara. Irin wannan ne ya sa tace shela ya tashi daga ladabi ya koma sharaɗi a manufofin kamfanoni da yawa. Sai kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. Ranar ce kowa ya gane a aikace bambancin abin da ke ajiye a gida ana musayarsa a gida, da abin da sai an ƙetare teku kafin a ɗauko.

TO, MU FA A AREWA?

Kalmar gida a wannan lissafi galibi Legas take nufi. A can wayoyin teku ke sauka, a can manyan ɗakunan ajiyar bayanai suke, a can masu kaya suka ajiye rumbunansu. Daga Hanwa zuwa can ya haura kilomita 800, kuma kowane taku na wannan waya akwai mai haƙa rami, da mai karɓar kuɗin izinin haƙa, da mai gyara in aikin titi ya tsinke ta. An daɗe da amincewa a matakin ƙasa kan naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama sun yi shekaru suna karɓar ninkin-ba-ninkin. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. IXPN kuma ta buɗe rassa a wasu birane, ciki har da Abuja da Kano. Wannan ya rage nisa, sai dai buɗe kasuwa daban, cikar kasuwa daban. Kamfani zai kai wayarsa mahaɗar Kano ne idan lissafin da muka yi a sama ya nuna akwai kayan da zai ɗauka a can.

Tarihin garinmu ya riga ya koya mana wannan. Layin dogo na Baro zuwa Kano, da aka kammala a 1911, ya ratsa ta Zariya. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa ƙasar kuza, ya isa yankin Jos a 1914, aka kuma ja wani ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Zariya ta zama mahaɗa saboda kuza da gyaɗa da auduga na bi ta cikinta. Da layin gabas ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ya samu gajeriyar hanya, ƙaramin layin ya yi ta ramewa har aka rufe shi a 1957. Kaya ne ke raya mahaɗa, in ya sauya hanya sai a bar ta da ƙarafa.

Nan ne maganar ta taɓa mu. A teburin musaya abu biyu ake zuwa da su, ko jama'a masu nema, ko kayan da ake nema. Jama'a dai muna da su, miliyoyin masu karanta Hausa daga Zariya har Maraɗi da Kumasi. Kaya ma muna samarwa, littattafai, waƙoƙi, finafinai, karatuttuka. Amma kusan dukkansu a rumbunan kamfanonin waje muke zubawa, don haka a lissafin masu hanya ba a rubuta su da sunan Kano ko Zariya ba, an rubuta su da sunan Meta da Google. Mu ke noman, wani ke zuwa kasuwa da buhun.

Ba laifi ba ne mu yi amfani da waɗannan dandali, a nan masu karatu suke, a nan ma muke wannan zance. Amma garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ya san cewa rubutu da rarrabawa sana'o'i biyu ne. Hukumar NORLA, da ta yi aiki a nan Zariya daga 1954 zuwa 1959, ta buga littattafai masu yawa, kuma kai su hannun masu karatu na cikin abin da ya fi ba ta wahala. Idan wata ƙungiyar marubuta, ko maɗaba'a, ko sashen jami'a za su gina taskar rubutun Hausa a intanet, ya kamata cikin tambayoyin da za su yi wa mai masaukin shafin har da waɗannan biyu: a wane gari rumbunka yake, kuma a wace mahaɗa kake musaya?

Ga ɗan aikin wannan mako ga mai kwamfuta. Ku buɗe wurin ba da umarni na Windows, ku rubuta tracert, ku bar fili, ku sa adireshin wani shafin Hausa da kuke karantawa. Jerin zangunan da saƙonku ya yada zai fito ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba za su nuna suna ba, amma a sunayen wasu za ku ga alamar gari: los Legas ke nan, lon ko lhr Landan, ams Amsterdam, fra Frankfurt, jnb Johannesburg. Ku gwada shafi uku, na jarida, na jami'a, da na banki, ku rubuto mana hanyar da kowanne ya bi da garin da kuke zaune. Mu ma za mu gwada daga nan Hanwa, mu haɗa sakamakon mu gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.